Torquil Macaskill, mai gadin gaɓarmu

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji tarin injinsa. Torquil Macaskill ne ya tura ɗan kwale-kwalensa, da shayi a gora, zai zagaya iyakar ruwan da aka hana kamun kifi a cikinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Da can shi ma babban taru yake ja yana kwashe ƙasan teku, har ranar da ya ɗago bai sami komai ba sai laka. Shi ya bi gida-gida a tsibirin nan har aka yarda a rufe gaɓar.

Ba mu manta ranar jana'izar tsohuwa Ishbel ba. Duk gari na maƙabarta da tsakar rana, sai ga jirgin wani kamfani ya tsallako iyaka ya saki taru. Torquil ya gangara da baƙar kwat ɗinsa, ya je ya gitta kwale-kwale a gaban jirgin. Matuƙin kuwa Ruaridh ne, ɗan ƙanwarsa.

"Kawu, kauce! Nawa ƙarfe ne, naka katako!"

"Bi ta kaina, Ruaridh. In ka gama ka je ka faɗa wa uwarka."

"Mutum shida nake ciyarwa, Kawu!"

"Na sani. Ni na koya maka sana'ar. Naɗe tarunka."

Ya naɗe. Duk da haka Torquil ya kai wa hukuma hotunan jirgin, ya tsaya a kotu ya ba da shaida a kan jininsa. Shekara uku ƙanwarsa ba ta amsa gaisuwarsa ba, bai kuwa fasa gaishe ta ba.

Torquil, kai ne ka sha zagi a mashaya aka ce ka sayar da masunta. Yau masu zagin ne ke cika kwanduna da manyan ƙaguwa a bakin iyaka. Mun gode, gagara-igiyar ruwa.

Gwiwoyinsa sun gaji, ƙarshen wata zai ajiye aiki. Kamfanin kuma ya sake neman a buɗe gaɓar. Ranar Asabar za a zauna a zauren gari, Torquil ya ce ko yana dogara sanda zai zo. Kada mu bar shi ya miƙe shi kaɗai.