Bargon da Gwaggo Ta Warware

Da ta dawo daga karatu bayan shekara bakwai, 'yar wan Gwaggo ba ta ɗauki kayan da ke ɗakin tsohuwar a bakin komai ba. Gwangwanayen biskit goma sha ɗaya ne jere a ƙarƙashin gado. A ganinta tarkacen tsufa ne, irin wanda mutum ke tarawa in ya rasa abin riƙewa. Sai da ta yi wata tana zuwa kafin ta fara shakkar wannan gani nata.

Gwaggo ta yi shekara talatin a ɗakin ɗinkin wani asibiti tana facin zannuwan gado, can ta koyi rashin zubar da komai. Maɓallai, zip, guntayen ƙyalle, ulu, kowanne da gwangwaninsa. Duk jaririn da aka haifa a dangi ko a layin, hularsa ta farko daga hannunta take fitowa. Ba ta cika sayen ulu ba. In rigar sanyi ta yi wa yaro kaɗan sai ta karɓo, ta warware, ta jiƙa zaren ya miƙe, ta saƙa wa na baya. Baƙuwa take kiran 'yar wan nata, tana yi mata tsiya wai an tura ta karatu ta dawo ko allura ba ta iya zura wa zare.

Abu ɗaya Baƙuwa ta lura da shi: Auta, 'yar Gwaggo, ba ta zuwa gidan.

Shekara uku da suka wuce Auta ta haifi ɗa, Gwaggo ta saƙa masa bargo ruwan ƙwai mai siririn ratsin fari. Kwana huɗu ya yi a ciki ya rasu. Auta ta ninke bargon ta kawo ɗakin uwarta, don ba ta iya kallonsa. Ya shekara a kan akwati. Da matar direban da ke bene na ƙasa ta haihu, hannun Gwaggo ya yi abin da ya saba. Ta warware bargon, ta fitar da hula da safa.

A matakala Auta ta gamu da jaririn, ta gane ratsin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ta dubi kan akwatin, ta ce, "Inna, ajiya na ba ki, ba ulu ba." Ta fita, ba ta sake takowa ba.

Gwaggo ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta sauka ta roƙi a dawo mata da kyauta. Aka ba ta hular da safa ɗaya, ɗayar ta faɗi a mota. Ta yi watanni tana sake saƙa bargon da idon da ya fara dushewa, tana kuskure tana komawa baya. Zaren ya ƙare saura kusurwa guda, kamar faɗin tafin hannu.

Baƙuwa ta bi shaguna har ta samo ulu mai launin sak. Gwaggo ta yi godiya, ta jefa shi a gwangwani, ta ce ta kai wa Auta bargon yadda yake.

Auta ta buɗe wa Baƙuwa ƙofa rabi. Ta karɓa, ta kai shi hanci, ta daɗe a haka, sannan ta ce ƙanshin sabulu kawai yake yi. Ta shafa wurin da babu kusurwa, ta rufe ƙofar. Ba ta dawo da shi ba, ba ta kuma aiko da gaisuwa ba.

Baƙuwa ta tarar da Gwaggo tana naɗe wani zaren. Ta faɗa mata yadda aka yi, sannan ta tambaye ta me ya hana ta cike kusurwar, tunda babu mai ganewa.

Gwaggo ba ta ɗago ba.

"Sau ɗaya na taɓa mata abu a bayan idonta, kin ga inda ya kai mu. Gara ta ga abin da na ɓatar."