Inna Hajjo da Layin Malam Yari

Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Inna Hajjo, matar marigayi Malam Yari na Tsamaye, a gidanta da ke Sabon Birni, bayan zazzaɓin 'yan kwanaki. Ina rumfata ta bakin kasuwa, inda nake sayar da katin waya ina yi wa mutane caji, 'yarta Saude ta kira ta gaya mini. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na daɗe ina kallon bencin da take zama kafin na iya tashi na rufe rumfar.

Inna, mutane sun san ki da fataucin kanwa da dabino daga Nijar, sun san ki da cika mudu har ya zuba. Ni da tambaya na san ki. Ba ki taɓa kawo waya caji kin tafi salin alin ba. Sai kin zauna, kin gyara mayafi, kin ce, "Is'haƙa, in na yi magana cikin wagga aba, ta sama taka bi ko ta ƙasa?" Wata rana kuma, "Wa ad da sabis, kamfani ko gwamnati?" In na fara kame-kame ki yi dariya ki ce wakilin gwamnati ya rasa ta cewa. Sunan ya bi ni har yau. Saboda ke na koma sauraron labarai da kunne biyu, don kada ki zo ki same ni hannu rabbana.

Na daɗe ina ɗauka son sani ne kawai. Sai daga baya na gane abin da ke cikin tsohuwar wayar nan da kike ɗaure da roba. Ɗanki Kamalu ya bi ta Agadas zuwa Aljeriya neman aikin gini. Kiransa na ƙarshe da wayar aro ya yi shi, ya ce tasa ta ɓata, kuma duk duniya lamba ɗaya ya haddace, ta mahaifinsa. Daga nan shiru. Malam Yari ya rasu yana jira, ke kika gaji wayar, kika gaji jiran. Duk wata doka da aka yi a Abuja a kan layukan waya, a kan wannan ɗan sim ɗin take sauka.

A ƙarshen daminar 2021 gwamnati ta rufe sabis a yankinmu saboda 'yan bindiga. Sabon Birni da Isa muka wayi gari wayoyinmu sun zama fitila. Kowa ya sayi layin Nijar, matasa suna hawa tudu da bishiya suna ɗaga hannu sama kamar masu roƙon ruwa. Kika zo kika tambaye ni me ke faruwa da layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Na gaya miki gaskiya: kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Daga makon nan, jama'a suna yin arewa neman sabis, ke kina shiga motar Sakkwato, a hanyar da maza ke karanta duk addu'ar da suka sani kafin su hau. Ki sauka a tasha, ki kira wata 'yar'uwarki don layin ya motsa, ki zauna da waya a cinya har a fara lodin komawa. Na yi miki faɗa, Saude ta yi kuka, ba ki fasa ba. Abin da kika ce mini kawai shi ne, "An ce don ɓarayi anka ruhe. Su ko ɓarayin an ce suna da layin Nijar. To, wakili, wa anka ruhe ma?"

Sabis ya dawo, ba mu gama murna ba sai ga batun haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa. Wanda bai haɗa ba aka hana shi kira, amma ana iya kiransa. Na zo miki da labarin ina jin nauyi, sai kika ce, "Shi ke nan? Ni dama ba kira nika yi ba, jira nika yi." Amma kika ɗora mini aiki: duk ranar kasuwa sai na kira ki, kina zaune a gabana, ki ɗauka ki ce salamu alaikum, don kada layin ya yi barci. Maƙwabtan rumfa suna yi mana dariya, ke ko a jikinki.

Mun gwada haɗa layin da lambarki, aka ce suna bai zo ɗaya ba, domin da sunan Malam Yari aka yi rajista, da yatsansa. Aka ce a kawo takardar shaidar rasuwarsa. Mutumin da aka yi wa sallah a Tsamaye aka rufe shi kafin la'asar, wa ya tsaya rubuta masa takarda? Kin je Sakkwato, kin bi layin mutane a rana, kin dawo kina mamakin yadda gwamnati ta san ranar da mijinki ya dangwala yatsa amma ba ta san ya mutu ba. A farkon 2024 aka rufe layin gaba ɗaya. A ranar ne kaɗai na ga hawayenki, kuma ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Wani zai ce nan maganar ta ƙare, amma ba a san Inna Hajjo ba. Kika sayi sabon layi da sunanki, kika riƙa kiran tsohuwar lambar kullum, don ki ji hannun wanda za ta faɗa. Bayan watanni masu yawa, rannan a rumfata, aka ɗauka. Muryar mace ce, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Kika miƙo mini wayar. Da ɗan turancina na kasuwa na gano sunanta Uloma, tela ce a Aba, sabon sim ta saya. Da farko ta ɗauka 'yan damfara ne ta kashe. Muka sake kira, na ba ta labarin Kamalu tun daga farko, sai na ji keken ɗinkinta ya tsaya. Ta ce ita ma uwa ce.

Kika ce mini, "Ɗiyana in ya ji Turanci kashewa zai yi, shi ce ya ɓata lamba. Sai ta iya Hausa." Haka kika zauna a kan bencin nan kina koya wa matar da ba ki taɓa gani ba magana, kalma bayan kalma, tana karyawa kina gyarawa kuna dariya, har ta iya cewa, "Kamalu, kada ka kashe, innarka na nan," sannan ta karanto lambarki. Kin aika mata dabino ta hannun direbobi, ta aiko miki da zane. Kuma ba ki bar ta ta huta ba, sai da na tambayar miki ko ana noman gero a garinsu, da abin da suke karyawa da shi da safe.

Bayan sadakar uku na kira Uloma na gaya mata rasuwarki. Ta yi kuka sosai. Da ta natsu ta ce ba za ta saki layin ba muddin tana raye, sannan ta yi tambayar da ban shirya mata ba: in ya kira yanzu, me za ta ce masa? Na miƙa wa Saude wayar. Saude ta ce ba a bakin baƙuwa zai ji rasuwar uwarsa ba, ta koya mata sabuwar magana da kanta.

Allah Ya jiƙan ki, Inna Hajjo. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar hanyar da kika sha ta zama nauyi a mizaninki, Ya haɗa ki da Malam Yari a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saude da 'ya'yanta, da dangi na Tsamaye, da abokan fataucinki na nan da na Nijar, da Uloma ta Aba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Sai kai Kamalu, in kana raye, in Allah Ya sa wannan ya iske ka. Lambar da ka haddace tana aiki. Wata mata za ta ɗauka, Hausarta a karye, za ta ce, "Kamalu, kada ka kashe, gida na nan." Ba ka yi kuskuren lamba ba. Ka tsaya ka saurare ta har ƙarshe.