Tambayar da Ba a Yi a Tsakar Gida

Shekara tara ke nan da muka kai yayata Hajara makwancinta a Gumel, Allah Ya jaddada mata rahama. Aikinta shi ne shiga gidaje tana duba masu jego da jarirai, daga Gagarawa har ƙauyukan Sule Tankarkar. Na daɗe ina fargabar cewa hikimarta ta bi ta kabari, domin ma'aikatan yau waya ce a hannunsu, tambayoyi a jere, ga sauri.

Hajara ta san cewa mai haihuwar fari ba ta ambatar ɗanta a gaban surukai, balle ta ce ba shi da lafiya. Kunya reshe ce ta imani, haka muke karantarwa, amma na sha sallatar jariran da irin wannan shiru ya kai kushewa. Saboda haka ba ta taɓa tambayar uwa a bainar jama'a ba.

A daminar bana na je Ɗanzomo, na tarar ɗan farin jikana yana ta ramewa, kowa na cewa haƙori ne. Ina zaune wata matashiyar ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama da waya a hannunta, ta tambayi uwar yaron, Safiya, lafiyarsa a gaban surukarta. Safiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau."

Sai matashiyar ta juya ga kakar yaron: "Hajiya, mijin naki ya rame, ko hana shi tuwo kike yi?" Aka yi dariya. Ta ce, "Ara mini Safiya ta nuna mini wurin alwala." A can bayan ɗaki Safiya ta fashe da kuka, ta ce kwana biyar yana gudawa, nono ma ya ƙi kamawa. Kafin la'asar suna asibiti. Yau rarrafe yake yi, alhamdu lillahi.

Da na tambayi ma'aikaciyar inda ta koyi wannan, cewa ta yi, "Baba Malam, wata tsohuwar ungozoma ce ta nuna mini, ita ma wai a wurin wata ta gani."

Da Hajara na nan, wayar za ta harara, amma yarinyar za ta sa wa albarka. Mai shuka dabino ba don bakinsa yake shukawa ba. Sunan Hajara ya faɗi a hanya, ilimin ya iso har kan jininta, kuma Mai rubuta lada bai manta wace ce ba.