Tagar Ɗakin Gawayi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, bayan la'asar, na tarar da yayana kwance a ɗakin gawayi na gidan shishar da muke aiki tare, awartaki a hannunsa, rai ya yi halinsa. Masu zuwa shan shisha Sarkin Wuta suke kiransa, mu a gida Yaya muke ce masa. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya mata biyu.

Yaya, na san ba a tona asirin mamaci, kuma na so in kama bakina. Amma tun ranar da muka kai ka makwancinka ake cin naman matarka a tsakar gidanmu. Mai gidan shisha ya zo gaisuwa yana ta sharar hawaye, ya ce zuciyarka ce ta buga. Gwaggonninmu suka cafe, suka ce ai dole, mutumin da ya fita da safe da masifar mace a kunnensa. Inna, mahaifiyarmu, ta yarda da su. Yanzu maganar da ake yi ita ce matarka ta tattara ta koma gidan iyayenta, yara kuwa a bar su nan. Don haka ka yi haƙuri, yau zan faɗa maka abin da ba ka taɓa bari na faɗa ba kana raye.

Ba zan ci haƙƙinka ba, ka iya aiki. Kai ka koya mini cewa kowane kasko, wato kan shisha da ake zuba wa taba, da irin cikinsa. Kaskon yumɓu mai huje-huje a gindi, ka ce a barbaɗa masa taba sako-sako, kada yatsa ya danna, don iska ta samu hanya. Mai tudu a tsakiya da rami ɗaya, wanda ke riƙe ruwan taba, shi ake ɗan danna wa, a bar tazara tsakanin taba da takardar alminiyam, in ba haka ba ta ƙone tun kafin mutum ya ja sau uku. Na roba kuwa ka tsane shi kamar ya zagi Inna, ka ce ba ya riƙe zafi, sai an yi ta lallashinsa da garwashi. Gawayi a bakin kasko kake fara ajiye shi, sai ya yi ɗumi ka matso da shi ciki. Daga ƙofa kake shinshina hayaƙi ka ce tebur na kusurwa ya fara ƙauri, kuma in aka duba haka ne.

Ka yi alheri ma, ko da yake alherinka kullum da tsawa yake zuwa. Lokacin da garwashi ya faɗo mini a ƙafa, kai ka goye ni har bakin titi, kana zagina kana kuka. Wani dattijo mai tari ya taɓa zuwa, ka ƙi haɗa masa, ka ba shi ruwan sanyi ka ce ya tafi gida, mai gida ya yi ta kumfar baki ba ka ko kalle shi ba. 'Ya'yanka ba su taɓa ganin shisha a ɗakinka ba, kana shigowa kake cire rigar aiki a ƙofa.

Amma taurin kanka, Yaya, ya fi ƙwarewarka. Ɗakin gawayi ɗan ƙarami ne kamar akurki, taga ɗaya gare shi, can sama. Ka ce iskar da ke shigowa ta nan tana sa gawayi ya kama gefe ɗaya ya bar gefe, tana kuma watsa toka a kan kaskwan da ka gama shiryawa. Sai ka yanko kwali ka toshe ta. Mai gida ya ji daɗi, don warin gawayi ya daina kai wa masu zama a waje, har ya sa aka kafa wa ƙofar labule mai kauri. In na cire kwalin, kafin in dawo daga kai shisha ka mayar. Na ce maka ɗakin nan yana sa ni jiri, ka ce, "Rago kawai. In ba za ka iya da wuta ba, je ka sayar da ƙanƙara." Mutumin da zai sauke kasko ya sake shiri tun daga farko don taba ta danne ba ta numfashi, shi ne ya rufe kansa da murhu biyu a ɗakin da ko ƙuda ba ya samun hanyar fita.

Ran nan an yi hayar wurin gaba ɗaya, ka shiga tun da rana kana hura gawayi mai yawa don ka riga baƙi. Ni ina gaba ina wanke kwalabe da tiyo. Da na ji shiru ya yi yawa na ɗaga labule, zafin da ya buge ni a fuska ya kusa kayar da ni. Likitan da ya duba ka ya faɗa mini a tsaye a baranda cewa iskar gawayi ce, irin wadda ba ta da wari, kuma zuciyarka lafiyarta lau. Kafin in dawo daga asibiti mai gida ya sa an yage kwalin an share ɗakin. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ajali ne. In maganar nan ta fita rufe mu za a yi, kai ma ina za ka ci?"

Kai mai gida, ga amsarka a rubuce. Na ji ka yi ta yabon Yaya a wurin gaisuwa, ka ce ba za ka sake samun irinsa ba, kuma washegari ka aiko a tambaye ni inda ya ajiye kaskwansa na yumɓu. Ƙaryar da ka yi don ka tsare ƙofarka a buɗe, a kan matar Yaya, baiwar Allah, ta sauka, kana ji kana gani ba ka ce uffan ba. Ku ma masu zaman kujera da kuka cika waya da hotonsa, kuna kiransa gwani, wanne a cikinku ya taɓa leƙa inda garwashin yake fitowa? Ku dai a kawo wuta, a sauya wuta.

Saura faɗan da gwaggonninmu suka jiyo da safe. Ɗakina yana jikin nasu, ni na ji shi tun daga farko. An daɗe Yaya yana dawowa da ciwon kai, wani lokacin har da amai, matarsa ke jiƙa tsumma tana ɗora masa a goshi. Ran Talatar ta tare ƙofa ta ce ba zai fita ba sai ya yi mata alkawari zai buɗe tagar nan ko ya bar aikin. Ta ɗaga murya, gaskiya ne. Abin da ta ce shi ne, "Wallahi ɗakin nan zai kashe ka, ka bar ni da yara!" Ya ture hannunta ya ce me mace ta sani game da wuta. Wannan ita ce masifar da ake cewa ta kashe shi.

Ina jin haushinka, Yaya, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushinka kuma ina kewarka, har yanzu in na ɗauki awartaki sai in ji kamar za ka daka mini tsawa daga baya. Allah Ya gafarta maka, Ya yafe maka taurin kanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa alherin da ka yi ya tarbe ka. Allah Ya raya 'ya'yanka a hannun uwarsu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwa da abokan aiki, amma kafin kowa ga matar Yaya, wadda ita kaɗai a cikinmu ta tsaya a ƙofa. Inna, Allah Ya ba ki haƙurin rashin ɗanki. Tun ranar da ya rasu matarsa take durƙusawa a bakin ɗakinki kowace safiya tana gaishe ki, kina juya mata baya. Gobe ma za ta zo. Don Allah, Inna, ki amsa.