Ba-Zama da Bangon Tanderu

Tun yana saurayi ake ce masa Ba-Zama, sunan kuma ya bi shi har furfura. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake cin abinci, gaisuwa ma yana tafe yake amsa ta, sai dai ka jiyo ƙarshen "lafiya lau" bayan ya sha kwana. Gidan burodi gare su a ƙarshen wani layi, shi da ƙanensa: rumfar sayarwa a bakin titi, ɗakin kwaɓi a tsakiya, tanderun bulo can ciki. Ƙanen mutum ne mai sanyin hali, shi ya sa suka daɗe tare. Da irin Ba-Zama biyu ne a wurin, da tuni rufin ya tashi.

Buhunan fulawa ne suka ci masa baya. Shekara da shekaru shi ke saɓa su daga mota zuwa sito, don ba ya iya tsayawa kallon wani yana yi a hankali. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya gangara ƙafar hagu kamar ana jan waya mai zafi a cikin naman. Aka yi masa aiki, bai rabu da shi ba. Ya daɗe a kan ƙwayoyi masu ƙarfi, irin waɗanda sai da takardar likita, amma yakan manta lokacin sha, ciwon ya taso masa yana tsakiyar aiki. Daga nan likitar da ke duba shi ta ce za ta mayar da shi kan filasta.

Wata 'yar aba ce siririya da ake mannawa a fata, maganin ya riƙa shiga jiki kaɗan-kaɗan. Likitar ta ce danginsu ɗaya da ƙwayoyin da ya saba, don haka ne ma ta yarda ta ba shi. Wanda jikinsa bai saba ba, guda ɗaya na iya tsayar masa da numfashi. Ta ce ɗaya tak ake mannawa, ta yi kwana uku, a ɓare tsohuwa kafin a sa sabuwa, a kuma canza wuri. Ba a yanka ta, ba a haɗa ta da maganin barci. Tsohuwar a ninke ta, gefen da ke mannewa a ciki, a kawar da ita inda jika ba zai kai hannu ba. Sai zafi: ban da gasa wurin, ban da wanka da ruwa mai zafi sosai, domin zafi na sa maganin ya kwarara cikin jini fiye da kima. Ba-Zama na ta gyaɗa kai, hannunsa a kan marfin ƙofa. Matarsa ce ta zauna ta ji komai.

Ranar farko ya ishe ta da mita. Ya je ƙofar gida ya dawo, ya leƙa kicin, ya ce wannan takarda ce kawai aka liƙa masa, ta ƙara masa ta biyu. Ta ce an gaya musu ba ta kama jiki nan take, sai an yi mata haƙuri. Ta kulle kwalin a durowa, ta ɗaure makullin a gefen zaninta. Ya ce a gidan nan shi ne maigida ko ita? Ta ce shi ne mana, amma durowar tata ce.

Washegari kuwa ciwon ya lafa. Bai ɓace ba, ya dai ja baya har mutum ya iya sunkuyawa ya sa takalmi. Ba-Zama bai yi wata-wata ba ya koma bakin aiki. An manna masa filastar a saman baya, ƙarƙashin kafaɗa, ya ma daina tuna ta.

Yana da wata tsohuwar ɗabi'a. In ya zuba burodi a wuta, yakan jingina bayansa da bangon tanderu, ɗumin bulon yana sassauta masa ƙugu. A ganinsa wannan ba gashi ba ne, tsayuwa ce kawai. Wata ranar da aiki ya yi yawa, wata makaranta ta yi odar burodi mai yawa, ya yini tsakanin bakin wuta da bangon, gumi na zuba.

Ƙaurin ƙuna ne ya shigo da ƙanen daga rumfa. Ya tarar da yayansa zaune a ƙasa, kai a langaɓe, burodi na ƙonewa a bayansa.

"Yaya, lafiya? Yaya, buɗe ido ka dube ni."

Ba-Zama ya ji muryar kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ya so ya ce a zaro burodin, harshen ya ƙi ɗaguwa. Numfashinsa ya yi nisa da juna, leɓɓansa sun sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Ƙanen ya kira matar yayansa a waya. Ta ce ya ɗaga rigarsa ya ɓare filastar yanzu, kada ya bar shi ya yi barci, su wuce asibiti, ga ta nan. Ƙanen da wani mai tasi da ya tsaya sayen burodi suka cicciɓe shi, ƙanen na ta jijjiga shi yana kiran sunansa har suka isa.

Allura ɗaya aka yi masa ya farko, ciwon kuma ya farko tare da shi, gaba ɗayansa. Ya yunƙura zai sauka daga gado, aka mayar da shi. Ma'aikaciyar jinya ta ce ko an cire filasta, sauran maganin na nan kwance a ƙarƙashin fata, yana iya sake danne shi, don haka a nan zai kwana. Ya ƙirga rufin ɗakin da ido, ya juya hagu, ya juya dama, ya yi ta tambayar wanda ya kashe wutar tanderun har matarsa ta daina amsawa.

Da likitarsa ta zo ya riga ta magana. Ya ce ya yafe, kada a ƙara liƙa masa wannan abu.

"Baba, jikinka ya saba da shi. In ka yanke farat ɗaya za ka sha wata wahalar dabam. In rabuwa kake so, za mu riƙa ragewa a hankali, tare. Amma ni ma ban tambaye ka yadda wurin aikinka yake ba, ya kamata in tambaya."

Ya ce to wutar tanderun fa? Ta ce wuta kam sai dai ya bar wa wani.

Haka aka yi. Ƙanen ya koma bakin tanderu, Ba-Zama ya koma ɗakin kwaɓi inda fanka ke kaɗawa, yana yanka ƙullu yana jerawa a gwangwanaye. Ranar canji matarsa ke ɓare tsohuwa da hannunta, ta ninke, sannan ta buɗe sabuwa. Bayan wasu watanni aka rage masa ƙarfin filastar, ya yi mako yana faɗa da kowa, abin ya wuce. Ciwon na nan, wata rana da sauƙi, wata rana ba daɗi.

Abin da ya kasa jurewa shi ne rashin ganin burodinsa a wuta. Ya kira magini ya fasa bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu, aka sa gilashi. Yanzu ta nan yake leƙe, hannu duk fulawa, yana ƙwanƙwasa gilashin yana nuna wa ƙanen cewa na gefen dama ya yi, a zaro. Ƙanen yakan ɗaga masa hannu ba tare da ya juyo ba, ya bar burodin ya ƙara ɗan jim, yadda shi yake son sa.