Kaset ɗin da na shafe wa maigidana

Shekarun baya, tun muna zaune a unguwar Bulabulin, kafin sojoji su sake karɓe mulki, na yi wa maigidana wata ɓarna da har yau in na tuna sai in yi dariya, in gama in share hawaye. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yata ce zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Allah ya jiƙan mahaifinta. Bana shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma ban daina kewarsa ba ko na yini ɗaya.

Maigidana fataucin shanu yake yi. Iyayensa makiyaya ne, shi ne ya fara zama a gari. Yakan loda shanu a babbar mota ya kai Inugu, ya yi sati biyu ko uku kafin ya dawo. A can Kudu ya tsinci Turanci, a can kuma ya tsinci wata cuta da ba ta da magani, wato son kiɗan wasu Turawa masu gita da ganguna. Mutum mai salla a kan lokaci, mai rawani ranar Juma'a, amma da ya kunna rikodarsa sai ka ga ƙafarsa tana buga ƙasa kamar ba tasa ba.

Kaset biyu yake da su na mutanen nan. A kowanne an tara fitattun waƙoƙinsu ne wuri ɗaya. Na farkon na ƙuruciyarsu ne, ya saye shi tun kafin aurenmu. Na biyun na bayan da suka manyanta ne, ya zo da shi daga baya.

Na farkon, Allah ya kiyaye! Ganga tana gudu kamar an koro garke, gita tana ƙara kamar ana wasa wuƙa, mai waƙar kuwa ihu yake yi kamar wanda shanunsa suka shiga gonar mutane. Ranar da na fara ji ina amarya, da gudu na fito tsakar gida, na ɗauka faɗa ake yi a zaure. Na biyun kuwa a natse yake. Akwai fiyano a ciki, muryar mai waƙar ta yi kauri ta ɗan dushe, yana jan magana a hankali kamar mai ba da haƙuri.

Yana da wani aboki malamin makaranta daga unguwar Limanti. Duk ranar da maigidana yake gari, bayan la'asar sai ya zo, in kai musu shayi zaure, su dasa gardama a kan kaset biyun nan.

Maigidana ya ce, "Malam, saurari hannun mai gangar nan. Da yunwa suka yi kiɗan nan! Na biyun kuwa sun ƙoshi, sun yi tumbi, kiɗan masu kujera ne."

Abokin ya ce, "Kai dai kunnenka ya saba da kukan shanu, shi ya sa. Na farkon yara ne ke ɓarin kwanoni. A na biyun ne suka koyi sana'ar."

"Suka koyi barci dai."

"To ka tambayi uwargida, ai ita ba ta da ɓangare."

Ni kuwa ina da ɓangare. Ban san kalma ɗaya a cikin abin da suke faɗa ba, amma na duba hotunan da ke jikin gidajen kaset ɗin. A na farko su biyar ne, sirara, gashi har kafaɗa kamar ba wanzami a garinsu. A na biyu su huɗu ne. Daga bayan labule na ce, "Ni dai na biyun nake so. Ɗayansu ya tafi, kewarsa suke yi. Ba ku ji a muryar ba?"

Maigidana ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce, "Ka ji ta! Ba ta jin Turanci, amma har ta kai musu ta'aziyya."

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, wato kaset na farkon nan. Ya nemi irin tsohon kaset ɗin a Kudu da Arewa domin ya ajiye na ko-ta-kwana, bai samu ba. Don haka ya ce mini, "Komai na ɗakin nan naki ne, ban da wannan." Tun da ba na karatu, sai na ɗiga lalle a kan gidan tsohon, domin in gane shi in kauce masa. Na ji daɗin dabarata ƙwarai, har na nuna wa maƙwabciyata.

Shekara takwas muka yi ba haihuwa. Ya yi haƙuri, na yi haƙuri, sai ga ciki. Da watan haihuwa ya matso, lissafin goggona ya nuna da sauran sati uku, sai ya ce bari ya yi tafiya ɗaya ya dawo. Kwana biyu da tafiyarsa, da hantsi, yarinya ta faɗo duniya.

Gida ya cika da guɗa. Goggona tana dama kunun kanwa tana kuka, mata suna shiga suna fita, turaren wuta ya turnuƙe ɗaki. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina: uban bai sani ba, ga suna nan da kwana bakwai, kuma shi ne zai faɗi sunan.

A zamanin nan irinmu da ba mu rubutu da kaset muke aika wasiƙa. Ka danna jan maɓalli, ka faɗi abin da ke ranka, ka ba direba. Mijin maƙwabciyata direban babbar mota ne, kuma ranar zai tashi zuwa Inugu da an sallame azahar. Maƙwabciyar tawa ta shigo da sauri, lafayarta tana jan ƙasa, ta ce, "Mai jego, tashi zaune! Har ya fara ɗaura igiya. Ina kaset?"

Muka duba, babu sabo ko ɗaya. Na karatun Alƙur'ani kuwa ba mai taɓa su. Saura biyun nan.

Ta ce, "Zaɓi ɗaya."

Na dube su. Na biyun shi ne nawa, shi nake sawa ƙasa-ƙasa in yana kan hanya, ina tsintar shinkafa. Amma na farkon ransa ne. Na ce, "Ɗauko marar lalle. Nawa ya tafi."

Ta ce, "Mu ɗan saurara mu tabbatar?"

Na ce, "Ba wuta tun jiya, batir kuma ya kusa mutuwa. In muka saurara, da me za mu ɗauka? Ai ga lalle nan, ni na sa da hannuna."

Ta cusa 'yar takarda a ramukan da ke saman kaset ɗin, domin sai an toshe su yake karɓar murya, ta mayar da zaren farko, ta danna. Ni da na shirya gaisuwa mai tsari, sai duk ta watse. Na ce, "Salamu alaikum, maigida. An sauka! Mace ce! Lafiya lau! Hancinka ne, wallahi hancinka ne!" Goggona ta ƙwace magana, mata suka rangaɗa guɗa, aka matso da jaririya ta tsala kuka. Maƙwabciyata ta zare kaset ta fita da gudu.

Kwana biyu bayan haka, na fito daga wankan jego da safe, wuta ta dawo. Kewarsa ta kama ni, na ce bari in sa hayaniyar nan tasa ko na ji kamar yana zaure. Na buɗe gida mai lalle, na sa, na danna.

Fiyano ne ya fito. A hankali, a natse.

Na kashe. Na sake dannawa. Fiyano dai. Na dubi gidan mai lalle a hannuna. A nan na gane abin da na yi: gidan na yi wa alama, ba kaset ɗin ba. Shi kuwa mai karatu ne, rubutun jikin kaset yake dubawa, in ya gama ji sai ya jefa shi a duk gidan da hannunsa ya kai. Dabarar da nake taƙama da ita, ita ta kai ni ta baro.

Na kira maƙwabciyata ina kuka. Ta ce, "Haba, mutumin da kika haifa wa 'ya bayan shekara takwas zai yi miki faɗa a kan ihun Turawa?"

Na ce, "Ba faɗa nake tsoro ba. Ba zai ce komai ba, shi ne abin. Abu ɗaya tak ya ce kada in taɓa."

Goggona ta ce, "Ni da za ki shafe ɗayan ma, da na sa miki albarka."

Kwana uku na yi abinci ba ya shiga. Duk motar da ta yi ƙugi a bakin titi sai in kasa kunne.

Ana gobe suna, bayan azahar, direba ya yi sallama. Shi kaɗai ne. Ya ce shanu ba su ƙare ba, maigidana ba zai iya barin dukiyar mutane ya taho ba, amma ga saƙo. Ya miƙo ƙunshin atamfa, da kayan jarirai, da kaset. Kaset ɗin nan dai da na aika. Ya ce, "Ya ce ki fara daga farko, kada ki tsallake komai."

Mata suka kewaye rikoda. Na danna. Ga muryata, ga guɗa, ga kukan jaririya. Kukan yana yankewa sai gangunan nan suka ɓarke, sauran waƙar da ban kai ga shafewa ba, gita tana ƙara, mutumin nan yana ihu. Goggona ta toshe kunne. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Da fuskar farko ta kaset ɗin ta ƙare, maƙwabciyata ta juya shi. A wannan fuskar ne waƙar da ya fi so take, wadda yake mayarwa sau uku a zama ɗaya. Na jira ganga. Sai na ji kukan shanu, da hayaniyar maza, sai muryarsa.

"Ke mai jego! Wushe, wushe, sannu da aiki! Alhamdu lillahi! Kin ji ni? Ina tsakiyar zango na sa saƙonki, mutane sun kewaye ni. Da na ji kukan yarinyar nan sai hawaye ya taho, ga dillalai suna kallona. Sai kawai gangar mutanena ta tashi! Wallahi rawa na yi! Ni da rawanina! Dattijon da ke auna mana shanu ma sai da ya taka. Da ɗayan kika aiko, da na zauna na yi kuka a gaban maza, da sun riƙa yi mini dariya har in mutu. Wa ya ba ki wannan hikima?"

Mata suka fashe da dariya. Ni ina dariya ina kuka.

Ya ci gaba. "Na san lallenki ne ya yaudare ki, na daɗe ina ganinsa ban gaya miki ba. To kin ci fuska ɗaya, ni ma ga shi na ci ɗayar da hannuna, kada ki ce ke kaɗai ce mai ɓarna. Ki gaya wa Malam ya ci gardama, tun da mutanena sun koma 'yan aike. Yarinya kuma a sa mata sunan mahaifiyata."

Shi ya sa har yau ban taɓa kiran wannan da ke rubutu da sunanta ba. Ga ta nan ta ajiye alƙalami tana share ido. Rubuta, ke dai, ban gama ba.

Da ya dawo, abokinsa ya zo barka, ya ce, "To yanzu sai ka haƙura da masu tumbi." Maigidana ya ce, "Har abada! Waƙa biyu da rabi sun rage a nawa, kuma sun fi naka goma sha biyu." Gardama ta ci gaba kamar ba abin da ya faru, sai dai yanzu duk wanda zai ji hujjarsa dole ya fara jin ina ihun hanci.

Shekaru suka ja, abokin nan ya riga shi tafiya. Bayan an yi sadakar bakwai, wata la'asar na kai shayi zaure na tarar da shi shi kaɗai, ya sa na biyun, ƙafarsa ba ta motsi. Bai dube ni ba ya ce, "Ashe gaskiyarki ne. Kewa suke yi."

Ni ma na yarda da tasa gaskiyar. Na farkon na ranar da murna ta fi ƙarfin mutum ne, na biyun na ranar da aka ragu. Ba wanda ya fi wani, kowanne da ranarsa, mu ne dai ba mu kai ga ranar na biyun da wuri ba.

Mun tashi daga Bulabulin, kaya da yawa sun ɓace, amma kaset biyun suna cikin akwatina, naɗe a tsohon rawaninsa. Na biyun ba na iya jin sa yanzu, ya yi mini kusa da yawa. Na farkon nake sawa, wanda ya ce kada in taɓa. Ba mu da hotonsa mai motsi, ba mu da muryarsa a ko'ina sai a nan. In na juya fuskar, shanu su yi kuka, sai ya ce, "Ke mai jego!" Ni kuma, da furfurata da komai, sai in ce, "Na'am."