Farantin Inna a Cikin Injin Kamyo

Ko zan manta komai na aikin kanikanci, ba zan manta damanar da ta biyo bayan babban fari ba, lokacin ina da ɗan garajina a Magarya. Ni ɗan maƙera ne, a gindin zugazugi na tashi, abokan sana'a kuma ba su raga mini ba. Da na buɗe baki sai a ce, "To, mai gyaran fartanya zai yi magana."

Shekarar nan yunwa ta sa mutane sun cinye irinsu. Da aka samo irin gero na ƙauyukan Yekuwa, sai aka loda wa kamyon wani Alhaji, tsohuwar motar kaya tun ta zamanin Nasara. Ruwan shuka ya sauka ran Talata, kowa kuwa ya san laima ba ta wuce kwana uku a jigawa. A ranar kamyon ya ga damar ƙona juwan kilas, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa haɗuwa da mai.

Alhaji ya fito da sababbi guda biyu cikin kwali mai rubutu, suna ta walƙiya. Na sa farce na karce gefen ɗaya, fenti ya tashi, ashe takarda ce mai kauri aka shafe.

Na ce, "Alhaji, wannan ba zai fitar da kai bayan gari ba."

Ya ce, "Ka karanta abin da ke jiki? Daga ƙasar Turawa ya zo. Ɗaura kawai."

Ban iya karatun boko ba, shi ma haka, amma rubutun nan ya fi ƙarfinmu mu duka. Na ɗaura. Ko kukar bakin gari motar ba ta kai ba farin hayaƙi ya turnuƙe. Na biyun ma haka, ran Laraba da hantsi. Wani dattijo da ya zo rakiyar buhunan ya damƙi ƙasa ya murza don ya ji laimar da ta rage. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na nufi gida. Mahaifiyata tana da farantin jan ƙarfe tun na aurenta, marar kauri, wanda ba a ko cin abinci a kansa.

"Inna, farantinki nake so, kuma ba zai dawo ba."

Na faɗa mata dalili. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "In dai don iri ne, ɗauka. Amma kar ka lalata mini shi a banza."

Na buge shi ya miƙe, na aza tsohon juwan a kai na zana da ƙusa, na yanke, na huhhuda, na bi da magagari. Sannan na gasa shi ya yi jawur na tsoma a ruwa. Kanikawa suka bushe da dariya, wai zai yi tauri ya tsage. Ba su san jan ƙarfe ba halinsu ɗaya da baƙin ƙarfe ba, in ya sha wuta laushi yake yi. A maƙerar babana na koyi wannan.

Da la'asar inji ya tashi lafiya lau, ba hayaƙi ba tari. Na hau kan buhuna na bi su, kunnena na kan injin har Yekuwa. Muka tarar maza sun riga sun sare ramuka da sungumi, mata na tsaye da ƙorai. Ban taɓa jin daɗin hannuna kamar ranar ba, har yau in na tuna sai na ji kaina ya yi girma.

Yawancinsu sun shuka kan laima. Ƙauyuka biyu na can kan tudu ne ƙasarsu ta bushe, sai da suka jira wani ruwan, geronsu bai yi kyau ba. Yinin nan guda da muka ɓata shi ya cuce su, ni kuwa tun farko na san kayan jabu ne. Daga ranar, abin da idona ya gani hannuna ya taɓa, ba mai kuɗi ko rubutun kwali da ya sake sa ni na yi shiru a kai.